Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Lagireto Daga Motar Benz Zuwa Fijo 504



Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar motar haya daga Kano zuwa Jos, ko daga Gusau zuwa Sakkwato a tsakiyar bazara, ya san wannan yanayi. Ana cikin tafiya sai direba ya fara satar kallon agogon da ke gabansa, ya rage gudu, ya gangara gefen titi. Yaron mota ya dire ya ɗaga bonet, tururi ya turnuƙe, ya zaro jarka ya nufi rijiya ko kududdufin da ya fi kusa. Fasinjoji su watse neman inuwa. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, lafiya dai ko?" Direba ya ce, "Lafiya lau Iya, ƙishirwa take ji."

Mu da muka tarar da ƙarshen zamanin Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, mun sha ganin haka har muka ɗauka halin tsohuwar mota ke nan, a riƙa shayar da ita kamar doki. Daga baya muka gane cewa masu ƙera motoci sun shafe shekara 75 suna ƙoƙarin raba mota da wannan jarka, kuma sun yi nasara. Yadda suka yi, da yadda jarkar ta dawo hannunmu, shi ne zancenmu na yau, domin a cikinsa ake gane abin da ke cinye tsofaffin motocinmu daga ciki.

INDA ZAFIN YAKE FITOWA

Injin mota wuta yake hurawa a cikinsa, sau dubbai a kowane minti. Zafin wutar da fetur ke yi a cikin silinda yakan wuce digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, alhali alminiyam ɗin da ake yin kan inji da shi yana narkewa a digiri 660. Daga cikin ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke juya taya bai cika kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kusan kashi ɗaya yana fita ta salansa, sauran kuma yana maƙalewa a jikin ƙarfe. Wannan na ƙarshe shi ne dole a kwashe a zubar, in ba haka ba ƙarfe ya kumbura, fistin ya cije, inji ya buga.

Aikin da ruwa yake yi ke nan. Yana zagaya silinda ta wasu hanyoyi da aka bari a cikin ƙarfen, ya ɗauki zafi, ya bi tiyo zuwa lagireto. A can yana sauka ta cikin siraran bututu masu 'yan faya-fayai a jikinsu, iska ta ratsa ta kwashe zafin, ruwan ya koma inji ya sake ɗauko wani.

DAGA TUKUNYA ZUWA SAƘAR ZUMA

Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a watan Janairun 1886 ba ta da lagireto. Ruwa ake zubawa ya kewaye silinda, ya tafasa, ya tashi a matsayin tururi ya tafi da zafin. Hikimar kusan ɗaya ce da ta randa, wadda ke sanyaya ruwa saboda wanda ke tsattsafowa a jikinta yana bushewa. Matsalar ita ce ruwan ƙarewa yake yi. A watan Agustan 1888 matarsa, Bertha Benz, ta ɗauki motar tare da 'ya'yanta biyu maza ta yi tafiyar kimanin kilomita 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim, wadda ita ce doguwar tafiya ta farko da aka yi da mota. A hanya sun yi ta tsayawa neman ruwan da za su ƙara. Ashe yaron mota da jarkarsa sun samo asali tun daga ranar farko.

Wanda ya kawo babban sauyi shi ne Wilhelm Maybach, injiniyan kamfanin Daimler. A motar Mercedes ta farko, wadda aka kammala a ƙarshen 1900, ya haɗa siraran bututu fiye da 8,000 ya manne su wuri guda, iska tana bi ta cikinsu, ruwa yana bi ta tsakaninsu. Idan aka kalle shi daga gaba sai ka ce saƙar zuma, kuma sunan da aka ba shi ke nan. Ruwan da inji ke buƙata ya ragu zuwa lita 9, kuma maimakon ya tafasa ya ƙare, sai ya riƙa zagayawa.

A Amurka, motar Ford Model T da aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, guda miliyan 15, akasarinsu ba su da famfon da ke tura ruwa. An dogara ne da ɗabi'ar ruwa: mai zafi yana hawa sama, mai sanyi yana sauka ƙasa, sai ya riƙa juyawa da kansa. Wannan ya wadatar da ƙaramin inji mai tafiya a hankali. Da injuna suka ƙara ƙarfi sai famfon ruwa ya zama dole, aka haɗa shi da fanka a kan bel ɗaya.

Abubuwa uku ne suka kammala aikin. Na farko shi ne tamostat, wani ɗan ƙyaure da ke bakin hanyar ruwa, wanda ke rufe kansa idan inji yana da sanyi, ya buɗe idan zafi ya kai digiri 80 da 'yan kai. Na biyu shi ne murfin lagireto mai sifirin a ciki. Ruwa yana tafasa a digiri 100 ne a gaɓar teku, amma idan aka matse shi a rufaffen wuri sai ya jure fiye da haka. Murfi mai kyau yakan kai shi kusan digiri 120 bai tafasa ba. Na uku shi ne sinadarin da ake gaurayawa da ruwa, wanda muke kira kulant. Turawa sun fara nemansa ne saboda sanyi, domin ruwa idan ya daskare yana kumbura ya fasa inji. Da farko sifirit suke zubawa, shi kuma yana bin iska. A 1927 aka fara sayar da Prestone a Amurka, wanda aka yi da sinadarin gilaikol da ba ya tashi, daga baya kuma aka riƙa ƙara masa magungunan hana tsatsa.

A 1961 kamfanin Renault na Faransa ya fitar da Renault 4 da rufaffen tsari. Ruwan da ya kumbura saboda zafi yana shiga wata 'yar gora a gefe, idan inji ya huce ya koma. Daga 1886 zuwa 1961 an tashi daga motar da ake shayarwa a kowane ƙauye zuwa wadda mai ita zai yi shekara bai buɗe murfi ba.

KADUNA DA LEGAS, 1975

A farkon shekarun 1970 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanoni biyu su riƙa haɗa ƙananan motoci a Najeriya. A 1975 Peugeot ya fara aiki a Kakuri da ke Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Motocin nan biyu sun bi hanyoyi mabambanta wajen maganin zafi.

Volkswagen Beetle, wadda Yarbawa suka laƙaba wa Ijapa, wato kunkuru, ba ta shan ruwa ko kaɗan. Injinta yana baya, fanka tana hura iska a kan silinda masu faya-fayai, kamar dai injin babur. Ba ta yoyo, ba ta tafasa, amma ranta yana kan bel ɗin fanka: idan ya tsinke direba bai lura ba, cikin 'yan mintoci inji ya ƙone. An ci gaba da ƙera ta har 2003 a Meziko, sai dai duniya ta riga ta zaɓi ruwa, saboda shi ya fi riƙe inji a kan zafi ɗaya, kuma yana rage ƙara.

Ita kuwa 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, a kan hanyoyin ƙura da taɓo irin namu, kamar yadda yayarta 404 ta ci sau huɗu a shekarun 1960. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da ita motar manyan jami'ai, ma'aikata suka saye ta da rancen mota, direbobi suka cika tashoshi da doguwarta. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har wajen 2006, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa.

Injinta yana da siffar da ta shafi zancenmu. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa alminiyam, silindoji kuma zura su ake yi, ruwa yana taɓa bayansu kai tsaye. Lagireton zamanin jan ƙarfe ne da tagulla, an manne su da dalma. Ke nan ruwa ɗaya yana ratsa ƙarafa iri-iri. Idan ƙarafa mabambanta suka haɗu a cikin ruwa mai gishiri, wani ɗan lantarki yana gudana tsakaninsu kamar a cikin batir, kuma alminiyam ne ke fara zaizayewa. Maganin hana tsatsa da ke cikin kulant shi ke tsayar da wannan.

RUWAN DA MUKA ZUBA

A nan ne tarihin ya karkata a hannunmu. An san kulant da sunan maganin daskarewa, mu kuwa ruwa ba ya daskarewa a Kano ko Maiduguri, sai aka ga sayensa asarar kuɗi ce. Aka koma ruwan rijiya, na burtsatse, na rafi, duk wanda jarka ta samo.

Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da ke manne a gindinta. Gishirin ƙasa ne da ke cikin ruwa, zafi ya ware shi. Irin wannan ɓawo yana taruwa a cikin inji da bututun lagireto, ya hana zafi wucewa daga ƙarfe zuwa ruwa. Baƙin ƙarfe kuma yana tsatsa, tsatsar ta zama jan laka ta kwanta a ƙasan lagireto ta toshe bututu ɗaya bayan ɗaya. Daga waje ƙurar hunturu da ƙwari da kaikayi suna cike tsakanin faya-fayai, iska ta kasa ratsawa.

Daga nan sai a shiga da'ira. Mota ta yi zafi, ruwa ya tafasa ya zube, a ƙara sabo. Kowane sabon ruwa yana shigowa da sabon gishiri da sabuwar iska mai haddasa tsatsa. Ruwan yana tafiya, gishirin yana zama. Motar da ke shan jarka guda a kowace tafiya tana tara ɓawon jarkoki ɗaruruwa a cikinta kafin shekara ta zagayo. Idan aka haɗa da murfin da sifirin ɗinsa ya mutu, ko wanda aka maye gurbinsa da tsumma, to an mayar da motar 1980 zuwa tsarin 1886. Shi ya sa wurare irin Hawan Kibo suka yi suna wajen tsayar da motoci: inji yana aiki da dukkan ƙarfinsa, gudu ya ragu don haka iska ta ragu, ga shi a tsayin Jos ruwan da ba a matse ba yana tafasa tun a wajen digiri 96.

Abin da ya rufa wa 504 asiri shi ne lagiretonta yana gyaruwa. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, da kusan kowane babban gareji, akwai masu wannan sana'a. Sukan narkar da dalma su cire tankin sama, su zura siririn ƙarfe a kowane bututu su tsefe shi, su wanke, su mayar su liƙe, su nutsa shi a ruwa su hura iska don ganin inda kumfa zai fito. Lagireto ɗaya yakan sha wannan gyara sau da yawa a rayuwarsa.

BAYAN 1986

Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara na asali suka yi tsada, jabu suka cika kasuwa. Motocin Kwatano, waɗanda aka gama yayinsu a Turai, suka maye gurbin na Kaduna.

A irin wannan hali ne wasu al'adu biyu suka kafu a garejinmu: cire tamostat, da haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Ba za mu ce makanikai ba su da hujja ba. Tamostat idan ya cije a rufe yana iya ƙona inji a tsakiyar daji, kuma wanda bai amince da ingancin sabon da zai saya ba zai ga gara babu. Amma akwai farashi. Inji an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90. Idan babu tamostat yana daɗewa bai kai nan ba, musamman da safiyar hunturu, kuma a wannan lokaci ne ya fi cin mai da cin kansa. A motoci masu kwamfuta abin ya fi muni, domin kwamfutar tana ganin inji da sanyi sai ta yi ta ƙara fetur. A wasu injuna ma tamostat ne ke toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba, don haka cire shi yana ƙara zafin da ake gudu. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Abin lura, Peugeot yana cikin kamfanonin farko da suka sa fanka mai kunna kanta da kashe kanta gwargwadon zafi, tun a ƙirar 403.

Motocin Kwatano kuma sun zo da lagireton alminiyam mai tankin roba, bututunsa sun fi siranta, dalma ba ta kama shi. Muka ci gaba da yi masa abin da muka saba yi wa na tagulla: ruwan rijiya, wanki da omo, ɗanyen ƙwai ko garin barkono idan ya fara yoyo. Ƙwai da barkono suna iya kai mutum gari na gaba, amma yadda suke toshe huda haka suke toshe bututu. Ƙarshen labarin sananne ne: gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, farin hayaƙi yana fita ta salansa. Kuɗin da aka ƙi kashewa a galan ɗin kulant sai a kashe ninkinsa sau da yawa, kuma ga direban haya wannan na nufin makonni ba cefane.

YADDA AKE WANKE SHI

Wankin da ya dace ba shi da wuya. Ana yin sa ne inji yana da sanyi. A kwance tiyon ƙasa ruwan ya zube, a buɗe mazubin da ke jikin inji idan akwai. A cire tamostat na ɗan lokaci, a tura ruwa mai tsabta ta kishiyar hanyar da ya saba bi, har sai ya fito garau. Idan ɓawo ya yi yawa akwai maganin wanki da aka yi don wannan aiki, a bi ƙa'idar da ke jikinsa, a ɗauraye sosai. Lagireton tagulla da ya toshe a kai wa mai tsefewa. Faya-fayai kuma a wanke su daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don kada su lanƙwashe.

Tamostat ana gwada shi a tukunya: a jefa shi a ruwa a ɗora a wuta, idan ya buɗe kafin ruwan ya tafasa kuma ya rufe da ya huce, lafiyarsa ƙalau, a mayar da shi. A duba robar murfi da sifirin ɗinsa. A matsa kowane tiyo, wanda ya yi laushi ko ya kumbura ko ya tsage a sauya. A danna bel da yatsa, kada ya lotsa fiye da kimanin santimita ɗaya. A leƙa ƙarƙashin famfon ruwa, akwai wata 'yar huda da ke ɗiga idan ya fara mutuwa.

Sannan a cika da kulant da tataccen ruwa irin na batir. Rabi da rabi shi ne ma'aunin da aka saba, kuma ko a ƙasa mai zafi bai kamata kulant ya gaza kashi ɗaya cikin uku ba, saboda maganin tsatsar. Wanda aka riga aka gauraya ba a ƙara masa ruwa. A tayar da inji murfi a buɗe har tamostat ya buɗe iska ta fita, a cike, a rufe. Maganin tsatsa yana ƙarewa, don haka tsohon nau'in kulant ana sauya shi duk bayan kimanin shekara biyu. Kada a yi mamaki idan tsohon lagireto ya fara yoyo bayan wanki, hudar tana nan tun da, datti ne ya rufe ta.

Gargaɗi uku da suka shafi rai da dukiya. Kada a buɗe murfi inji yana da zafi, ruwan da ke matse yana tsalle ya sale fuska da hannu. Kada a kwara ruwan sanyi a injin da ya tafasa, ƙarfe yana iya tsagewa. Kulant kuma guba ne mai ɗanɗanon zaƙi da kalar lemo, kada a zuba shi a gorar abin sha, kada a bar shi inda yara ko dabbobi za su kai.

Masu tsefe lagireto da dalma suna ta raguwa, domin na roba sauya shi ake yi. Yawancin abin da suka sani, da abin da tsofaffin direbobin Fijo suka gani a hanya, yana bakinsu ne kawai. Wanda yake da uba ko kawu a cikinsu ya zauna da shi ya tambaya, ya kawo mana, musamman inda muka yi kuskure a gyara mana. Wanda kuma yake da tsohuwar mota a gida, gobe da safe kafin a tayar da ita ya buɗe murfin ya duba kalar ruwan. Idan ya gan shi ja kamar ruwan kududdufi, to aikin wanki ya same shi tun kafin bazara ta kama.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.